Ƙarfen Dogo a Reshen Mangwaro

Shekaranjiya ina zaune a rumfar da nake sayar da busasshiyar citta, ina gyangyaɗi kamar yadda na saba in kasuwa ta yi sanyi, sai wani ɗan gwangwan ya wuce yana tura baro cike da ruɓaɓɓun ƙarafa. Tayar baron ta faɗa rami, kayan suka yi tsalle, sai na ji wata murya a cikinsu da ta kore mini barci. Na ce ya tsaya. A ƙarƙashin fasassun tukwane da tsohon bakin garma akwai guntun ƙarfen layin dogo, tsawonsa kamar hannuna, da huda a kai ɗaya. Ban ce na makarantarmu ne ba. Guntayen dogo sun yi yawa a Kafanchan yanzu. Amma tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na ari biron jikata na zauna ina wannan rubutu, ni da ko firamare ban gama ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa kawai. Waɗanda suka yi ƙoƙarin gyara ni da bulala ma sun gaji sun bari tun tuni.

Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a lokacin da nake magana garin nan da kunne ake zamansa. Da sassafe jiniyar loko za ta yi kuka, maza su fito da baƙaƙen rigunan aiki masu warin mai, babana yana cikinsu, shi lebura ne a can lokon, wajen gyaran injunan jirgi. Da hantsi ka ji ana haɗa taragu, ƙarfe yana dukan ƙarfe. Da rana kuma, in rana ta ɗan karkata, jirgin fasinja zai yi wani dogon kuka tun daga wajen gada kafin ya shigo tasha. Jirgin rana muke ce masa. Mata masu tallan lemo da dafaffen gwaza su kwasa da gudu, masu dako su miƙe, mahaifiyata ta ɗora tukunyar faten acca. Ba mai tambayar ƙarfe nawa. Yau kowa yana da lokaci a aljihunsa, yana ciro shi yana dubawa kamar mai ciwo, kuma duk da haka ba wanda yake zuwa ko'ina a kan lokaci.

Makarantarmu tana bayan kwatas ɗin ma'aikatan reluwe, dogayen azuzuwa biyu masu jan kwano da fili a tsakiya, da wata tsohuwar bishiyar mangwaro a gaban ofis. Aikin da muke yi a cikinta ya fi karatun yawa, ko kuwa ni aikin kaɗai nake tunawa. Kowa ya zo da tsintsiyarsa da safe. Da damina ciyawa ba ta jin magana, ka yanke ta ranar Litinin ta riga ka zuwa ranar Alhamis, sai a ce maza su zo da langa-langa. Ranar Juma'a mu fasa matattun batura mu kwaɓa baƙin cikinsu da ganye mu shafe allo, mu koma gida kamar waɗanda suka kwana a murhu. 'Yan mata su ɗebo ruwa su yayyafa a ƙasan aji saboda ƙura. In lokacin darasin addini ya yi, mu 'yan coci mu zauna a aji, 'ya'yan Musulmi su tafi ƙarƙashin ɗorawa da malaminsu, muna jin karatunsu suna jin waƙarmu, in an gama mu haɗu a wajen ƙwallon tsumma mu ci gaba da karya wa juna ƙafa. An hana yaren gida a makaranta, an hana Hausa ma, sai Turanci, amma malamin da ya kama ka da Hausa yake zaginka, don Turancinsa ba ya isa zagi.

Ni kuwa Baban Aji ake ce mini, kuma ba don girmamawa ba. Na shiga makaranta a makare, sannan na ƙaunaci aji huɗu ƙaunar da ta hana ni rabuwa da shi. Waɗanda muka fara tare suka wuce, ƙannensu suka zo suka same ni, su ma suka gaishe ni suka wuce. Muryata ta fashe, gashi ya fara tsiro mini a haɓa, gajeren wandon makaranta ya zama abin tausayi. In malama ta rubuta lissafi a allo, ni kamar sawun kaji nake gani bayan an yi ruwa. Mahaifiyata ta fara cewa a kai ni ƙauye wajen kawuna in yi noman citta, ai ƙarfin da Allah ya ba ni ba na zaman benci ba ne. Ba abin da nake tsoro a duniya kamar wannan magana. Ba don ina son boko ba. Ina son gari, ina son ƙwallo, ina son ƙosan Hajiya da ake sayarwa a bakin fili, kuma na taɓa ganin bayan kawuna, ya lanƙwashe kamar ƙotar fartanya.

Abin da ya cece ni shi ne wancan ƙarfe. Makarantar ba ta da ƙararrawa, guntun dogo ne aka rataye da waya a reshen mangwaro, ana dukansa da wata ƙatuwar ƙusa. Agogon bango ma babu. Malamai uku suna da agogon hannu, amma kowanne da addininsa, ba ranar da suka taɓa yarda da juna. Na Hedimasta kuwa ya mutu tun kafin in shiga makarantar, yana ɗaura shi ne don mutunci. Saboda haka ya yanke hukunci: shiga da jiniyar loko, fita tara in inuwar mangwaro ta taɓa dakalin ofis, tashi kuma da kukan jirgin rana. Yakan ce, “Agogo ɗan kasuwa ne ya sayar da shi, amma reluwe ba ta ƙarya.” Da yaron da yake bugun ƙarfen ya gama makaranta, Hedimasta ya dube mu a asambile, ya nuna ni da bulalarsa ya ce, “Kai, Baban Aji, kanka ya ƙi aiki, bari mu gwada hannunka da kunnenka.”

Kada in yi wa kaina rowa, na iya. Ƙarfe ba haka kawai ake dukansa ba. In ka buga tsakiya sai ya yi tari, in ka buga kusa da ƙasa ka janye hannu da sauri, sai ya yi waƙar da za ta tsallake kwatas ta shiga har cikin loko. Babana yakan ji daga wajen aiki, ya ce wa abokansa, “Kun ji? Hannun yarona ke nan.” Shi da bakinsa ya kashe maganar ƙauye. Ya ce wa mahaifiyata, “Muddin ƙusar nan tana hannunsa, a bar shi. Ranar da suka karɓe, ranar zai ɗauki garma.” Ya faɗa a gabana, yana cin tuwo, ko kallona bai yi ba. Daga ranar na san da me nake rataye: da waya ɗaya ni da ƙarfen.

Mulki kuwa na yi shi. Ana saura kaɗan a tashi sai in fita daga aji da izini, in zauna a kan saiwar mangwaro ina sauraro, sauran suna ciki suna shan wahalar jadawalin sau. Hajiya mai ƙosai takan ajiye mini guntattaki masu ƙonewa, ta ce, “Ɗan nan, ka dinga duba inuwar nan da idon rahama, kada ƙosaina ya huce.” Mama mai rogo ita ma ta miƙo nata ta ce, “Kar ka ji maganan Hajiya, ka jira rogona ya nuna tukuna.” Ina cin na kowa, inuwa kuma tana tafiya yadda Allah ya so. Sau ɗaya na gwada wayo. Ranar gwajin lissafi ce, wani inji yana wasa da taragu a tasha ya yi ɗan kuka, ni kuma na yi kamar ban san bambanci ba, na zabga tashi. Makaranta ta watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Washegari Hedimasta ya kwantar da ni a benci a gaban kowa, yana saukar da bulala yana karanta mini doka: “In ba ka ji jirgin rana da kunnenka ba, kada ka taɓa ƙarfen nan. Ko wane ne ya ce ka buga. Ko ni ne!” Duk abin da aka koya mini a makarantar nan ya zube, ban da wannan. Ta baya ya shiga, shi ya sa ya zauna.

To a hankali abubuwa suka fara lalacewa, irin lalacewar da ba ka ganinta sai ta gama. Jirgin rana ya fara makara. Da farko kaɗan, malamai suna murna sun sami lokacin ƙarasa darasi. Sannan ya ƙara, har 'yan aji ɗaya suka fara barci a kan benci. Babana ya rage magana a gida. Yakan dawo ya ce injin kaza ya kwanta, an cire kayan wani an sa masa, shi ma wancan ya kwanta. Ciyawa ta fara fitowa tsakanin layukan da ba a taɓa ganin ciyawa ba. Amma dai jirgin yana zuwa, ko yaushe ne, ni kuma ina bugawa, babana yana ji.

Sai wata rana da damina, Hedimasta ya tafi ƙaramar hukuma, ya bar makaranta a hannun mataimakinsa, wani siririn malami mai saurin fushi. Na fita na zauna a saiwata. Inuwa ta bar dakali, ta tsallake fili, ta fara hawa bangon aji shida. Shiru. Hajiya ta kife kaskonta ta tafi, Mama mai rogo ta bi ta. Ƙananan yara suka fara kuka, wani ya yi fitsari a wando. Malamai suka fito baranda suna kwatanta agogunansu, a karon farko duka ukun suka yarda a kan abu ɗaya, wato lokaci ya wuce tuntuni. Mataimaki ya taho yana huci.

“Kai, buga mu tashi.”

“Sa, jirgi bai zo ba.”

“Ni na ce ka buga!”

“Sa, Hedimasta ya ce ko shi ne.”

“Ko shi ne me?”

“Ko shi ne ya ce, kada in buga.”

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi ƙusar. Nan fa na tuna da maganar babana da bayan kawuna. Na zura ta cikin wando na rungume cikina, na ce, “Sa, ka dake ni kawai.” Ya dube ni sama da ƙasa, na fi shi tsawo na fi shi kauri, sai ya ce, “Dubi ƙaton banza, ya isa aure yana gadin ƙusa!” Ya nemi dutse ya kai wa ƙarfen duka a tsakiya, ƙarfen ya yi wani tari kamar tsohuwar akuya, yara suka leƙo ta taga suka koma, don ba su san wannan murya ba. Dole malamai suka bi aji aji suna cewa a tafi gida. Ban taɓa ganin tashi irin wannan ba. Ba gudu, ba ihu. Yara suka fita sumui sumui suna waiwayena, kamar masu dawowa daga jana'iza. Wasu iyaye mata ma sun riga sun iso bakin fili da zani a hannu, don a waɗancan shekarun in yaro bai dawo a kan lokaci ba, zuciyar uwa ba ta tunanin alheri.

Ni na zauna. Fili ya zama nawa ni kaɗai da awaki. Hadari ya haɗu ta wajen dutsen Kagoro ya fasa zuwa. Yunwa ta ci ni ta gaji. Can da la'asar sai ga babana ya shigo ta ƙofar baya, da rigar aikinsa a kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Ya zauna kusa da ni a kan saiwar, ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya ce, “Ba zai zo ba yau. Injin ya mutu a daji, kuma ba mu da wanda za mu tura ya jawo shi.” Na ce, “Baba, gobe fa?” Ya ce, “Buga ka tashi mu je, mamanka tana jira.” Na ce ai ban ji jirgi ba. Ya ɗan yi dariya ta hanci ya ce, “Ni ne reluwe. Buga.” Na ciro ƙusar na buga wa makarantar da ba kowa a cikinta. Ban taɓa jin ƙarfen ya yi daɗi kamar ranar ba, kuma ba wanda ya fito.

Maganar ta kai taron iyaye da malamai. Wani Alhaji mai shagon yadi, wanda 'ya'yansa suke makarantar, ya kawo agogon bango mai batir, aka kafa shi a ofis. Hedimasta bai dake ni ba, ya ce dokarsa na bi, amma ya ce yanzu mai bugu dole ya iya karanta agogo, za a gwada ranar Litinin. Kwanakin nan na yi karatun da ban taɓa yi ba. Na zana agogo a ƙasa da tsinke, na roƙi ƙanwata ta koya mini. Gajeren hannu na gane shi, mutumin kirki ne, abin da ya nuna shi yake nufi. Dogon ne munafuki. Ya tsaya a kan uku a ce sha biyar, ya tsaya a kan shida a ce rabi. Ashe jadawalin sau biyar da na gudar wa a aji shi ne ya zagayo ya tare ni a gindin mangwaro.

Ranar Litinin aka fito da agogon wajen asambile. Hedimasta ya murɗa hannayen ya ce, “Baban Aji, ƙarfe nawa?” Na duba, na ce, “Ƙarfe biyu da takwas, Sa.” Makaranta ta fashe da dariya, har malamin addinin Musulunci da ba ya dariya sai da ya rufe baki da hula. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya 'yar aji uku, 'yar fasto, ta ɗaga hannu ta faɗi daidai, aka murɗa, ta sake faɗa, aka sake murɗawa, ko numfashi ba ta ja ba. Hedimasta ya ce in miƙa mata ƙusa. Na miƙa, ina jin ƙamshin gonar kawuna a hancina. Ta karɓa da hannu biyu, ta je gindin mangwaro, ta yi ɗage, ta yi tsalle, ƙarfen ya fi ƙarfinta nesa. Da aka ɗora ta a kan benci ta kai duka, ƙusar ta kuɓuce ta kusa fasa wa mataimaki ƙafa. Ita ce da kanta ta juyo ta ce, “Sa, ni in duba, Baban Aji ya buga mana. Nasa ya fi daɗi.” Hedimasta ya sosa kai ya ce, “To, an haɗa kai da hannu, an sami mutum ɗaya.”

Haka na tsira, ko na ɗauka na tsira. Da rana yarinyar ta tsaya a ƙofar ofis ta ɗaga ɗan hannunta, ni kuma ƙato na zabga tashi, yara suna tsokanata wai na zama yaron 'yar fasto. Ban damu ba, ƙusa tana hannuna. Na koma gida ina fito, na zauna cin tuwo da babana ina jira ya yaba. Sai ya ce, “Yau ka buga da wuri.” Na ce agogo ne ya ce. Ya ce, “Jirgi fa?” Na ce, “Hedimasta ya ce a daina jiransa.” Ya tsaya da lomar a hannu. A daidai lokacin, magariba ta kusa, sai ga kukan jirgin rana daga wajen gada, a gajiye, kuma ba wanda ya miƙe a unguwar, ko mai talla ɗaya ba ta ruga ba. Babana ya mayar da lomar cikin kwano ya wanke hannu.

A ƙarshen zangon nan ya ajiye aiki ya ce mu tattara, ƙauye za mu koma gaba ɗaya. Na yi kuka da ƙatuwar muryata, na ce, “Baba, ai ba su karɓe ba! Ka ce sai ranar da suka karɓe!” Ya ce, “Na sani. Kai ba su karɓe maka ba. Ni aka karɓe wa.” Na kai ƙusar ofis na ajiye a ƙarƙashin agogo. A bayan a-kori-kura muka bar garin, da tabarmi da tukwane, muka tsallake layin dogo direba ko waiwayawa bai yi ba.

Citta ta lanƙwasa mini baya kamar yadda na yi tsoro, kuma ita ta dawo da ni garin nan bayan shekaru, ita ta biya wa 'ya'yana makarantar da ni na kasa. Karatun Hausar nan ma matata ce ta ja ni ajin manya a coci, kunya ta sa na koya. Makarantarmu tana nan, an yi mata katanga da fenti, an sare mangwaron an yi ajin kwamfuta da ba wuta. Jikata ta ce wani malami ne yake duba wayarsa ya hura usur. Agogo mai hannu kuwa har yau ni da shi sai gaisuwa daga nesa.

Shi ya sa shekaranjiya na ce wa ɗan gwangwan ya ba ni aron guntun ƙarfen. Ya ce, “Baba, in saye za ka yi, a kilo ne.” Na ce bugu ɗaya kawai nake so. Na ɗauki dutsen awon citta na kai masa duka kusa da ƙasa, na janye hannu da sauri kamar dā. Ya ce ƙwal, ya yi shiru. Na manta, ƙarfen dogo ba ya waƙa a kwance, sai an rataye shi. Yaron ya ce, “Baba, ka gama?” Na ɗaga masa hannu na ce ya dakata tukuna. Ban san lokacin da kaina ya karkata wajen gada ba.